Wanne za a bari, wanne za a goge a cikin tsofaffin kwafin ajiya

Wani tsari da ake yawan bi shi ne a bar kwafi ɗaya-ɗaya na kwanaki 7, na makonni 4, da na watanni 6, a goge sauran. A BorgBackup (Borg a taƙaice), wata manhajar yin kwafin ajiya na fayilolin kwamfuta, ga yadda ake rubuta shi:

borg prune --keep-daily 7 --keep-weekly 4 --keep-monthly 6

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ƙirgen. Borg ba kwanakin kalanda yake ƙirgawa ba, ranakun da aka yi kwafi yake ƙirgawa, kuma a kowace rana na ƙarshe kawai yake ɗauka. Idan kwamfuta ta yi mako biyu a kashe, kwafi 7 ɗin nan za su kai can baya. Wanda dokar kwanaki ta riga ta riƙe ba ya shiga lissafin makonni, saboda haka jimilla 17 za a samu.

Babban haɗari shi ne kwamfutoci biyu su riƙa zuba kwafi a ma'ajiya ɗaya. In ba a ware su da --glob-archives, mai zaɓo kwafi bisa sunansa, ba, Borg zai haɗa su ya bar guda ɗaya a rana, na ɗaya kwamfutar ya tafi ba sallama. Shi ya sa ake fara gwaji da --dry-run --list, wanda ke nuna abin da za a goge ba tare da an goge komai ba.

Tun daga sigar 1.2 ta Borg, gogewa kaɗai ba ta sakin fili a ma'ajiya, sai an bi da borg compact. Ko an yi, kada a sa rai da yawa, domin kwafofin suna tarayya a yawancin bayanai.

A ganina kwafin watanni ne bai kamata a yi masa rowa ba. Fayil kan lalace a yi watanni ba a lura ba, kafin nan duk na kwanaki sun kwafi lalataccen.