Gandun Dajin Arewa Maso Gabashin Girinlan: Yadda Na Shiga da Abin da Na Koya

Faɗin wannan gandu, da ke tsibirin Girinlan na ƙasar Denmak a can arewacin duniya, murabba'in kilomita 972,000 ne, ya ɗan fi Najeriya girma, kuma babu gari ko ɗaya a cikinsa. An kafa shi a 1974. Mutanen da ke kwana a ciki 'yan kaɗan ne: sojojin Denmak na rundunar Sirius masu sintiri da karnuka daga Daneborg, ma'aikatan tashar yanayi ta Danmarkshavn, sai masu bincike a Zackenberg.

Na bi jirgin ruwa daga Ayislan a ƙarshen Agusta, lokacin da ƙanƙarar teku ke sassautawa. Kafin nan sai an gama da takardu. Bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kaɗai ba ta shigar da mutum Girinlan, dole a rubuta a jikinta cewa tana aiki a can. Izinin shiga gandun kuwa kamfanin jirgin ne ke nema. Mai tafiyar kansa zai nema daga gwamnatin Girinlan makonni 12 kafin tashi, da inshorar ceto.

Jirgi ba ya matsowa gaɓa. Kwalekwalen roba mai inji ke sauke mu, mu taka ruwa, saboda haka takalmin roba mai kai wa gwiwa wajibi ne. Tufafin ciki kuwa na ulu ake sawa. Auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Batirin kyamara a aljihun ciki, in ba haka ba sanyi ya zuƙe shi.

A mashigin Nordfjord muka tsaya gaban kogin ƙanƙara na Waltershausen, wato tarin ƙanƙara mai gangarowa teku a hankali, wanda faɗin bakinsa ya kai kimanin kilomita 10. Matuƙinmu bai taɓa yarda ya matsa kusa da mita 200 ba, kuma ina ganin ko wannan ya yi kaɗan. Faɗowar ɓallin ƙanƙara daga bakinsa ba ita ce babbar matsala ba. Igiyar da yake tayarwa ce: a tsakiyar ruwa ba ta da tsawo, amma tana isa wuri marar zurfi sai ta miƙe ta haye gaɓa. Don haka ba a barin kaya ko kwalekwale a bakin ruwa kusa da kogin ƙanƙara. Dutsen ƙanƙara mai yawo ma, kusan kashi 90 cikin 100 nasa yana ƙarƙashin ruwa, yana narkewa ta can, ya kife ba sallama.

Kowa farin beyar yake tsoro, shi ya sa ba a sauka sai jagora ya zaga da bindiga da harsashin tsoratarwa. Amma dabbar da muka fi cin karo da ita wata ce mai kama da ɓauna, mai dogon gashi, da mutanen Girinlan ke kira umimmak. Agusta lokacin barbararsu ne, mazan a fusace suke. In ka ga namiji yana goga fuskarsa a ƙafar gaba, gargaɗi ne. Ja da baya a hankali, kada ka shiga tsakaninsa da garke, kada kuma ka tare masa hanyar hawa tudu.