Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lokacin da barci ya ƙaurace min

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda aka sallameni daga aiki, to abinda ya biyo baya shine barci ya ƙaurace min gaba ɗaya. Ba rashin albashin ne yafi cina ba a lokacin, maganar da oga ya yaɓa min a gaban mutane ce, da na kwanta sai ta dawo, in ta tsara amsar da ya kamata in bashi, in gyara, in sake gyarawa, har gari ya waye ina shari'a da mutumin da yake can yana sharar barcinsa.

Matata ce ta matsa min naje asibiti saboda ciwon kai. Likitar ta auna jinina tace ya ɗan hau, sai tace "Malam, in tunanin yazo ya kake yi dashi?" Nace "Likita korarsa nake, in ta cewa kaina daina, daina." Tace ai nan gizo ke saƙar. Ta bani labarin wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, Daniel Wegner, da a 1987 ya sa mutane su zauna minti 5 yace kar su kuskura su tuna wata farar dabba wai ita beyar, duk sanda ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Sai ga ƙararrawa tana ta kaɗuwa, kuma da aka sake musu mara akace yanzu ku tuna ta, sun fi waɗanda ba'a hana tun farko ba yawan tunata. Dalilin kuwa, in kana gadin wani tunani dole wani sashe na ƙwaƙwalwarka ya dinga leƙawa yaga ko yazo, leƙen nan shine ke kirawo shi.

Abinda ta koya min bashi da wani tarkace. In zauna kan kujera minti 10, bayana a miƙe, in maida hankalina kan iskar dake shiga hancina da ɗan sanyinta tana fita da ɗumi, in bari fitar tafi shigar tsawo don hakan na rage gudun bugun zuciya. In hankalina ya gudu, kuma zai gudu, in lura ya gudu in dawo dashi ba faɗa ba zagin kai. Tace dawowar nan itace aikin, ba wai kai ya zama fayau ba komai a ciki ba. Wallahi wannan maganar ta sauke min kaya, don masu cewa "ka cire komai a ranka kawai" basu san irin nauyin da suke ɗorawa mutum ba. Daga baya ma na karanta wani bincike na jami'ar Harvard na 2010 da aka yi da mutum 2,250 ta wayoyinsu, aka samu kusan kashi 47 cikin ɗari na lokaci hankalinsu baya kan abinda suke yi. Kunga kenan ba ni kaɗai bane.

Na tambayeta ko abin nan ba wani addini bane, tace salon ya samo asali daga mabiya Buddha, amma wanda asibitoci ke amfani dashi wani masani ɗan Amurka mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979 a jami'ar Massachusetts, shirin mako 8 don masu fama da ciwo da damuwa, babu bauta a ciki, numfashinka ne da hankalinka.

Amma abinda yafi min aiki shine kiran abu da sunansa. Wata rana da yamma tsohon abokin aikina ya turo min saƙo cewa an baiwa wani kujerata, nan take naji ƙirjina ya ɗau zafi, haƙorana sun cije, babban yatsana har ya fara rubuta baƙar magana. Na kife wayar kan cinyata na zauna, nace a raina wannan fushi ne, ga shi nan a ƙirji, ga shi a muƙamuƙi. Ina ta binsa da numfashi sai naga a ƙarƙashinsa akwai wani abu daban, kunya ce, da tsoron ranar da yarana zasu gane babansu baya fita aiki. Ashe duk dararen nan ba da oga nake faɗa ba. Zafin bai tafi duka ba amma ya sassauta har na iya goge saƙon.

Ɗan tsokaci anan don Allah, wanda likita ya ɗora kan magani kar ya ajiye yace zai zauna yabi numfashi, kuma wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali, zaman shirun na iya taso masa da abin, gara yayi tare da ƙwararre.

A daren ne na samu matata nace "Maman yara, zauna akwai maganar da ban taɓa faɗa miki ba." Yadda muka kwashe da ita sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.