Fayil ɗin ƙanwata

Ƙanwata ta yi shekara uku tana aiki a wani kamfani nan Accra, rana ɗaya manaja ya ce ta cire hijabi ko ta koma sito inda kwastoma ba sa ganinta. Ta ƙi, suka fara yanke mata awanni. Wallahi abin ya ci min rai, tunda sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana nuna bambanci saboda addini.

Ta kai ƙara ofishin gwamnati, aka ce ana bincike, amma abin da kamfanin ya rubuto a kanta, ba ta gani ba. Wani yayanmu a Nima ne ya ce mata, ƙanwata ai akwai dokar samun bayanai ta 2019, Act 989, ki rubuta wa jami'in bayanai na ofishin, kwana 14 doka ta ba shi ya amsa, in ya hana ki nemi shugaban ma'aikatar ya sake dubawa, in abin ya ƙi ki wuce hukumar RTI, mai kula da haƙƙin samun bayanai. Wanda bai iya rubutu ba ma zai iya faɗa da baki a rubuta masa, wannan ne ya fi faranta min rai saboda iyayenmu mata na zango.

Mun hau trotro muka kai takardar, muka biya kuɗin fotokofi. A fayil ɗin da aka ba mu an rufe sunayen wasu ma'aikata, na kuma yarda da hakan, sirrinsu ne. Amma wasiƙar manajan tana ciki, da kalmar hijabi ƙarara. Yanzu tana hannun lauyanta.