Neman akwati a gadar Gillespie

Jiya muka je neman ɓoyayyen akwati a gadar Gillespie, tsohuwar gadar ƙarfe ta 1927 da ke kan kogin Gila a hamadar Arizona. Wasa ne da ya samo asali daga yankin Dartmoor na Ingila a 1854: wani ya ɓoye akwati, ya bar alamu, kai kuma ka bi sawu. A cikin akwatin akwai ɗan littafi da hatimin roba sassaƙar hannu. Ka buga hatimin akwatin a littafinka, naka hatimin kuma a littafin akwatin, ka mayar inda yake. Wallahi na ji daɗi, don neman ne ya sa na tsaya na ƙare wa gadar kallo. Mai zuwa ya riƙo ruwa, ya kuma zunguri rami da sanda kafin ya sa hannu, akwai macizai.