Tabarau mai bin rana

Shekara 19 ke nan ina yankan gilashin tabarau a Kano, amma har yau ina jin daɗin kallon fuskar mutum idan na fito da shi ƙofar shago, gilashin da ke hannunsa fari tas ya rine kafin mu gama gaisawa da maƙwabci.

Maigidan da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, da irin na da ya saba: na kwalba mai nauyi, wanda ake cuɗa sinadarin azurfa a cikinsa. Kamfanin Corning na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1960. Har shaida yake bari a karan hanci. Ni sai da na yi wata shida ina goge gefe kafin ya yarda na taɓa ɗaya.

Na yanzu roba ne, kuma rini ke yin aikin, wanda ake kira naftofiran. Ƙwayar rinin a naɗe take kamar tabarma, haske na wucewa abinsa. Da hasken UV na rana, wanda ido ba ya gani, ya taɓa ta, sai mahaɗi ɗaya ya ɓalle, ta warware ta baje, ta shiga shanye haske. Ka koma inuwa, ɗumi ya sake naɗe ta.

Shi ya sa nake gaya wa kowa tun kafin ya biya: a zafin bazara rana na warwarewa, zafi na naɗewa, don haka ba zai yi duhun da yake yi da safiyar hunturu ba. A mota kuwa gilashin gaba ya riga ya tare UV. Wani direba ya taɓa dawowa a fusace wai na sayar masa da jabu. Na ce, "Alhaji, zo mu tsaya a rana." Bai ƙara magana ba.

Jabun na gaskiya fa yana nan, ya cika kasuwa. Rinin shafe ne kawai a sama, wata uku ya yi ɗorawa, ido ɗaya ya fi ɗaya duhu. Sai mutum ya zo yana taya nawa da kuɗin wancan! Wani dila ma ya taɓa cusa mini su a cikin kaya, kwali guda na mayar masa. Tun ranar kowane gilashi sai na rufe rabinsa da kati na haska masa tocilan UV, na ga yadda ya rine da yadda ya washe, sannan ya hau injina.