Tambarin Islamiyya da ya ƙi girma

Talata, bayan isha'i.

An kawo wuta tun asuba, ba a ɗauke ba sai la'asar. Katin biki ɗari biyu sun fita da hantsi. Sitikar mai shayi ma ya zo ya karɓa. Alhamdu lillahi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganarmu da Auta a kan tambarin Islamiyyar nan da za ta yi walimar sauka ranar Asabar. Malam ya turo shi ta WhatsApp, yana son fileks mai ƙafa 10 a ƙafa 4, tambarin a tsakiya da faɗin ƙafa 2. Wajen ƙarfe sha ɗaya Auta ya juyo da murnarsa ya ce, "Yaya, na gama. Har na mayar da shi bekta." Bekta dai ita ce zanen da ba ya lalacewa in an ƙara masa girma. Na ce da yaya? Ya ce ya jawo hoton cikin manhajar zane ta CorelDRAW, ya adana a CDR, irin fayil ɗinta, ya kuma fitar da PDF.

Na ce ya shiga View ya danna Wireframe. Rubutun da ya buga da hannunsa ya fito da layukansa tsaf, tambarin kuwa ya zauna a cikin akwati, toka-toka, babu layi ko ɗaya a jikinsa. CDR da PDF buhu ne kawai, abin da ka zuba shi za ka tarar. Hoton JPEG da ya shiga ciki yana nan a hotonsa, bai koma bekta ba. A Illustrator Ctrl+Y ke tona wannan asirin.

Hoton rasta kamar ɗinkin hula yake: gida-gida a jere, kowane gida da launinsa, kuma an riga an ƙirga su tun ranar da aka yi hoton. Fiksel ke nan. Bekta kuwa ba ta ajiye gidaje, umarni take ajiyewa: daga wannan ƙullin ja layi zuwa wancan, lanƙwasa shi kaza, cika shi da kore. In ka ja ta ta kai girman katanga, kwamfuta za ta sake lissafin ta zana sabo, baki ya fito kamar an yanka da reza. Lanƙwasar da ake ja da 'yan hannuwan nan biyu sunan Pierre Bézier take ɗauke da shi, injiniyan kamfanin Renault a Faransa, wanda ya yi aiki da ita wajen fitar da surar jikin mota a shekarun 1960.

Muka yi lissafin tare a bayan rasit. Faɗin tambarin Malam fiksel 500 ne. Ƙafa 2 inci 24 ne. Ka raba, kowane inci zai samu fiksel 21 ƙasa da kaɗan, wato kowane fiksel ya haura milimita ɗaya a jikin fileks. Ba a nan ta tsaya ba. JPEG yana matse hoto ne a dunƙulen fiksel 8 sau 8, shi ya sa ake ganin wannan ƙurar a gefen rubutu. A girman da Malam yake so, kowane dunƙule zai kusa santimita ɗaya. Wanda ke tsallaken titi ma sai ya ga dattin. Ga farin akwatin da ke bayan tambarin, domin JPEG bai san bayan da babu komai ba, sai PNG.

Auta bai saduda ba. Ya ce to bari ya buɗe a Photoshop ya sauya lambar fiksel a kowane inci daga 72 zuwa 300. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawo a cikin masu koyo. In ka cire alamar Resample ka rubuta 300, fiksel 500 ɗin suna nan, sai dai ka shaida wa injin ya buga su a inci ɗaya da rabi da 'yan kai. In ka bar alamar, Photoshop zai ƙirƙiro sababbin fiksel ta hanyar canka daga maƙwabtansu, tsanin da ke bakin haruffa ya koma dishi-dishi. Abin da babu shi a hoton tun farko ba zai dawo ba. Lambar 300 a inci ta takardar da ake riƙewa a hannu ce. A4 a haka fiksel 2480 ne a 3508. Fileks da ake kallo daga nesa 100 a inci ya ishe shi, amma 21 bai isa komai ba.

Sai ya ce PowerTRACE fa, wanda ke bin sawun hoto da kansa a CorelDRAW ya mayar da shi bekta? Na bar shi ya gwada, don gani ya kori ji. Bekta ta fito, gaskiya ne, amma irin ta wahala. Da'irar da ƙulli huɗu ke riƙewa ta zo da ƙulli sama da ɗari, domin manhajar ta bi kowace ƙurar JPEG ta ɗauke ta a matsayin zane. Koren da ya kamata ya zama ɗaya ya rabu kashi-kashi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne rubutun Larabcin da ke kewaye: ɗigo biyun harafin "ta" sun haɗe sun zama ɗaya, harafin ya koma kamar nun. A fileks na saukar Alƙur'ani, gaban malamai. Kuma da sitika za a yanka da wannan fayil, wuƙar injin za ta dinga tsayawa tana karkarwa a kowane ƙulli, bakin ya fito kamar ɓera ya gaigaya. Wannan bin-sawun na atomatik yana kyau ne idan hoton babba ne, baƙi a kan fari, mai tsabtar baki. A Inkscape ma haka Trace Bitmap yake.

Don haka muka zana da hannu. Hoton ya zauna a shimfiɗar ƙasa, aka kulle shi kada ya motsa. Da'ira da kayan da'ira, ana riƙe da Ctrl don ta fito daidai, ba a bin ta da alƙalami. Buɗaɗɗen littafin da ke tsakiya rabinsa kawai aka zana, aka kwafa aka juya, ɓangarorin biyu suka zo ɗaya. Ƙulli a inda layi ya karya kwana ko a ƙololuwar lanƙwasa kaɗai. Rubutu ba a bin sawunsa, sake buga shi ake yi da salon da ya fi kama da na asali. Launi uku, kowanne aka ba shi lambarsa ta CMYK, tsarin launin tawadar bugu, don koren da ke haske a fuskar waya yakan dushe in ya hau tawada. Minti arba'in.

Abu biyu na nanata masa kafin ya tura wa mai inji. Na farko Ctrl+Q a kan duk rubutu, ya koma zane. Yawancin salon rubutu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kuma in kwamfutar can ba ta da irin naka, "Alƙur'ani" zai fito da ɗan akwati a tsakiyarsa ko da harafin wani salo dabam. Amma ya ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba, saboda gyaran suna. Na biyu alamar Scale with object a kan kaurin layi. In babu ita, tambarin zai girma, layin gefensa ya tsaya siriri kamar zare.

Yana kallon aikin ya ce, "Ashe dai rasta shara ce, Yaya." A zaurensu na masu zane ma wai gardamar da ake ta yi ke nan, wace ta fi. Na ce a'a, kada ya ɗauki wannan. Na buɗe masa hoton ɗaliban da za a sa a gefen dama, fiksel 4000 a 3000, miliyan 12. A faɗin inci 40 ya ba da 100 a inci, ya wadatar. Na zuƙo masa kan hijabin wata yarinya, yadda haske ya bi ninkin yadin, da sheƙin shaddar Malam. Babu ƙullin da zai riƙe wannan. In ka tilasta wa hoton mutum zama bekta, fuska takan koma faci-faci kamar taswira, fayil ya yi nauyin banza. Mai zane da buroshi a Krita ko Photoshop, mai son laushin inuwa da kaushin fenti, a rasta gidansa yake, sai dai ya buɗe shafinsa da girma tun farko, don ragewa ba ta cika ɓatawa ba, ƙarawa ce ke ɓatawa. Fileks ɗin nan kansa dukansu biyun ke ciki. Kuma a ƙarshe injin ɗigo yake fesawa, bektar ma sai an mayar da ita ɗigo, sai dai a daidai girman da za a buga.

Da la'asar na kira Malam na tambaye shi ko akwai ainihin fayil ɗin a wani wuri. Ya ce wanda ya zana musu ya daɗe da barin gari, kwamfutarsa ma ta lalace. Wannan da ya turo daga hoton kalandar bara aka yanko shi, na kalandar kuma daga wayar wani malami. Tun lokacin raina ya yi nauyi. Wani ya zauna ya ɓata darensa a kan tambarin nan, ya zaɓi inda kowane layi zai bi. Kowace turawa tana ɗan gutsurarsa, har ta kai yau muna canka ko abin da ke saman littafin alƙalami ne ko hasken fitila. Mun sa alƙalami, Malam ya ce haka yake tunawa. Ban natsu ba.

Na haɗa masa SVG da PDF da CDR, da PNG mai faɗin fiksel 3000 marar baya, na tura a matsayin takarda, ba hoto ba, don kada WhatsApp ya matse. Na roƙe shi ya sa a imel ɗin makaranta, ya kuma ba wani malamin kwafi. Ya yi godiya sosai, ya sa albarka. Can bayan magariba sai ga shi a sitatus ɗinsa, sikirinshot ne, har da alamar batir a sama.

Gobe da safe gwajin launi a ƙyallen fileks kafin a saki babban. Tawadar ja ta kusa ƙarewa.