Kyandir ɗin Kakin Manja a Sanyin Jos

Manjan da muke miya da shi ba ya zama kyandir. Na fara da wannan ne saboda duk wadda ta ga kyandirorina, tambayar da take fara yi mini ita ce ko da manjan miya na yi su. In kin zuba manja a gwangwani kin sa lagwani, aci-bal-bal kika yi, za ta ci wuta da hayaƙi da ƙauri, amma ba za ta tsaya da ƙafarta ba. Kakin manja a masana'anta ake fitar da shi. Ana tace man, a ware ɓangaren da ke daskarewa daga ɓangaren da ke zama ruwa, sannan a ƙara taurara shi. Abin da ke fitowa fari ne fat, ɓarɓashi ko ƙananan ƙwayoyi, ba ja, ba warin manja. Sai zafi ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 yake narkewa, shi ya sa yake iya tsayawa a matsayin kyandir ba tare da kofi ko kwalba ba.

Sana'ata turaren wuta da humra ne, a nan Jos. Masu sayen kayan ɗakin amarya da kayan rabon biki ne suka riƙa tambayar kyandir mai ƙamshi, har na ga ya kamata in koya. Na zaɓi kakin manja saboda wani hali da yake da shi wanda farafin, kakin da ake yin kyandir na kanti da shi, ba shi da shi: idan ya huce a hankali, da kansa yake fitar da zane a jikinsa, wani mai siffar gashin tsuntsu, wani mai siffar ƙanƙara, kuma ba za ki taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Inna, mahaifiyar maigidana, da ta ga na farkon da ya yi kyau sai ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya yi wa wannan lalle?" Ta ƙi yarda ba hannu ya zana ba.

A shagunan masu kayan haɗa sabulu na wajen Terminus na samu sikeli, ma'aunin zafi da wasu turarukan mai. Kakin kansa da lagwani masu lambar girma sai da na sa aka aiko mini daga Legas. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jikin buhun, don daga Asiya ya zo. Bishiyar kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. A ƙarni na 19 kamfanin Price's na birnin Landan, wanda aka kafa a 1830, da manjan gaɓar tekunmu ya riƙa yin kyandir yana sayar wa Turawa. A 1848 aka dasa 'yan tsirrai huɗu kacal a lambun Bogor da ke tsibirin Java, yau ga shi Indonesiya da Malesiya ke samar da sama da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, har sare dazuzzukan da ake yi domin gonakin ya sa aka kafa wata ƙungiya mai suna RSPO a 2004 don sa ido kan yadda ake noman manja. Mu kuwa 'yan Najeriya da muka taɓa zama kan gaba a duniya a farkon shekarun 1960, yanzu kakin ma sai an auno mana daga can. To, a bar wannan.

Narkarwa ba wuya, amma ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Tukunyar ruwa ake ɗorawa, a sa jug ɗin ƙarfe mai kakin a cikinta. Kaki ba ya tafasa ya yi miki gargaɗi yadda ruwa ke yi. Shiru zai yi ta ɗaukar zafi har ya fara hayaƙi, daga nan sai kamawa. Idan kuma ya kama, ba a watsa masa ruwa, murfi ake kifa masa a kashe gas. Murfin tukunya kullum yana gefena, yara kuma ba sa shiga kicin in ina wannan aiki.

A nan ne Jos ta fara nuna mini halinta. Don zanen ya fito, ana so a zuba kakin manja da zafi sosai, wajen digiri 90 zuwa 95. Garinmu kuwa yana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma a irin wannan tudu ruwa yana tafasa ne tun wajen digiri 96, ba 100 ba. Ruwan da bai wuce 96 ba da ƙyar yake kai kakin da ke cikin jug 90. Ina tsaye ina kallon ma'auni ya maƙale a tamanin da wani abu, ruwa na ta ɓulɓula. Abin da ya taimaka shi ne jug mai siririn jiki, ruwa mai zurfi har ya kai tsayin kakin, da rufe bakin jug ɗin da faranti. Da haka nake taɓo 90, kuma ya ishe ni.

Matsala ta biyu ta fi girma, wato hucewa. Zanen nan lokaci yake so. In kakin ya sandare da sauri, sai ya fito sumul, fari ƙal, ba komai a jikinsa, ko kuma ya yi dabbare-dabbare. Ni kuwa cikin hunturu na fara, lokacin da siminti kansa ke cizon ƙafa da asuba. Mazubin alminiyom mai sanyi yana shan zafin kakin tun kafin ki gama zubawa. Yanzu sai na ɗumama mazubin tukuna, in tsoma bayansa a ruwan zafi in goge shi tas, don ɗigon ruwa ɗaya a ciki yana ɓata aiki. Bayan zubawa in jera su a kan katako, ba kan siminti ko tayil ba, in kifa kwali a kai, in lulluɓe da tsohon bargo. Daga baya na gano babbar kular abinci, irin wadda muke kai shinkafa gidan biki, ta fi komai. In na sa su ciki da yamma na rufe, sai safe. Waɗanda suka kwana a kula su ne ke fitar da zanen da ake rububi. Kuma da rana nake zubawa, tsakanin azahar da la'asar, ba da dare ba.

Lissafin awo mai sauƙi ne. Ki cika mazubi da ruwa ki auna nauyinsa, kakin da zai cika shi wajen kashi 85 zuwa 90 cikin 100 ne na wannan nauyin, sai ki ƙara ɗan ragowa saboda ciko. Turare giram 6 a kan kowane giram 100 na kaki, ana gab da zubawa, a juya a hankali kamar minti biyu. Masu sana'a irin tawa su kiyaye nan: humra da duk turaren da ke da ruwa ko sifirit a ciki ba sa haɗuwa da kaki, kwanciya suke yi a ƙasa, kuma in wuta ta iso wurin sai ta riƙa tartsatsi. Turaren mai wanda aka yi domin kyandir ake nema. Haka launi. Kalar abinci ruwa ce, ba ta shiga. Kalar zanen yara kuwa tana narkewa ta ba da launi mai kyau, amma garin da ke cikinta yana toshe lagwani har wutar ta mutu.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali a duk wannan koyo shi ne abin da ido ba ya gani. Kakin manja yana fara yin ɓawo a sama da gefe alhali cikinsa ruwa ne. Yayin da cikin ke hucewa yana tsukewa, sai ya bar kogo a ƙarƙashin ɓawon, galibi kusa da lagwani. Daga waje kyandir ɗin lafiya lau, zane ya fito, ba tsaga. Na ɗauki wuƙa na raba ɗaya biyu don in ga cikinsa, sai ga rami wanda babban yatsana zai shiga. Hatsarin ramin nan shi ne idan wuta ta ci ta iso shi, narkakken kakin da ke kewaye da lagwani sai ya zurare ciki gaba ɗaya, lagwanin ya tsaya tsirara da tsayi, harshen wuta ya yi tsalle sama. Na ga hakan da idona a wurin gwaji, kan faranti, ba labule kusa. Na tuna kuma irin waɗannan kyandirori ɗakin amarya suke zuwa, inda labule da zanin gado da furen roba suka cika ko'ina.

Maganinsa tsinken tsire. Idan ɓawon sama ya yi kauri amma jikin mazubin da sauran ɗumi, sai in huda ramuka kewaye da lagwani har kusa da ƙasa, in buɗa su sosai, in sake narkar da ragowar kakin in cike. Wani lokaci sai an yi haka sau biyu. Tunda a kife ake zuba irin wannan kyandir, wurin cikon shi ke zama gindinsa, tabon ba ya bayyana.

Sai gwaji, wanda ya fi yin kyandir ɗin cin lokaci da cin kaya. Ina barin sabon kyandir ya kwana biyu ya gama ƙanƙamewa. In yanke lagwani ya rage kamar milimita 5 ko 6, in auna nauyin kyandir ɗin, in kunna shi awa huɗu a ɗakin da ba iska, ina dubawa duk awa. In kashe, ya huce sarai, in sake aunawa, in sake datse lagwani, in maimaita har ya ƙare. Bambancin nauyin shi ke gaya mini giram nawa yake ci a awa, daga nan nake sanin awa nawa zan ce wa mai saye zai yi mata. Komai ina rubutawa a littafi: faɗin mazubi, lambar lagwani, zafin zubawa, irin turare, da yanayin garin ranar.

Mazubi ɗaya, kaki ɗaya, amma lagwani uku mabambanta, haka nake jera su. Ƙaramin lagwani yana haƙa rami siriri ya gangara ciki, wutar ta yi ta ƙanƙancewa har kaki ya nutsar da ita. Babba kuma yana ba da dogon harshe mai rawa, kan lagwanin ya yi dunƙulen baƙi, kunkunniya ta hau farin farantin da nake riƙewa can sama da shi, ƙarshe ya huda gefen kyandir ɗin kaki ya malale. Wanda nake nema shi ne mai barin bango kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya a kewaye. Kakin manja ƙarfi gare shi da gautsi, ba ya lanƙwasuwa a tura shi ciki yadda ake yi wa farafin, don haka bangon nan tsayawa yake, wuta na ƙasa tana haska zanen ta ciki. Mafi yawan lokaci lagwanin da ya dace ya ɗara wanda takardar mai sayarwa ta nuna da lamba ɗaya. Kuma da zarar na sauya turare ko na ƙara launi mai duhu, sai na sake gwaji daga farko, don kowannensu na iya sauya yadda lagwani ke jan kaki.

Maigida ya taɓa tsayawa a ƙofar kicin yana kallon kyandirori uku na ci da rana tsaka, ya ce, "Maman yara, wannan kuɗi fa kike ƙonawa." Na ce, "Gara ya ƙone a gabana, Alhaji." Bai sake magana ba, sai ma ya kawo mini guntun tayil da nake ɗora su a kai lokacin gwaji.

Ra'ayina game da kasuwarsa, kada wadda za ta shiga ta sa ran masu neman haske in an ɗauke wuta. Fitilar caji da sola sun riga sun ƙwace wannan, kuma farin kyandir na kanti ya fi nawa araha nesa ba kusa ba. Wannan kayan ƙawa ne da kyauta. Ƙamshinsa ma, a gaskiya, bai kai turaren wuta cika ɗaki ba, kuma ina faɗa wa masu saye haka tun kafin su biya. Na cikin kwalba kuwa har yanzu ban fara sayarwa ba. Kakin yana janyewa daga jikin gilashi in ya huce, kwalbar kuma tana yin zafi sosai idan ya kusa ƙarewa, ban gamsu da sakamakon ba tukuna.

Kowane kyandir yana tafiya da 'yar takarda: a ɗora shi kan faranti, a datse lagwani kafin kunnawa, kada ya wuce awa huɗu, kada a bar shi a ɗakin da ba kowa, a daina amfani da shi idan ya rage kamar santimita biyu.

Na aika wa Yayata da ke Kubwa a Abuja wasu ta gwada mini a watan Maris, lokacin da zafi ya kankama a can. Ta kira ni ta ce, "Ƙanwata, naki fa ya tsiyaye ta gefe tun kafin awa huɗun." Lagwanin da ya yi daidai a ɗakina na Jos ya yi wa ɗakinta girma, saboda kakin da ke zaune cikin zafi ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya narke. Yanzu littafina shafi biyu gare shi ga kowane mazubi, na Jos da na Abuja, kuma duk odar da za ta gangara ƙasa lagwaninta na raguwa da lamba ɗaya. Na Kano da Maiduguri ban karɓa ba tukuna, sai na samu wadda za ta kunna mini su a can cikin bazara.